Filin Lafiya: Amsoshin Tambayoyinku Kan Awon Suga, Allura da Azumi

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan ciwon suga suka zo, musamman awo a gida. Mun zaɓi bakwai mun taƙaita su. Lambobin da za a gani a nan na babban mutum ne. Mai juna biyu, yaro da tsoho tukuf likita kan yanka musu nasu ma'aunin daban.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan kasuwa ne ni, ina kai-komo tsakanin Jibiya da Maraɗi. An auna ni a Maraɗi aka rubuta 1,40. Bayan mako guda a Katsina aka rubuta 7.8. Na sayi na'ura ta nuna 140. Duka da safe ne kafin in karya. Wanne ne gaskiya, kuma ina da ciwon ko babu? (Daga Jibiya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, duka ukun magana ɗaya suka faɗa, mudun ne ya bambanta. Asibitocin Nijar, kamar sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci, suna yawan rubutawa da g/L. A Najeriya wasu na rubuta mmol/L, wasu mg/dL. Ka ninka na Maraɗi sau 100, ka samu 140. Ka raba 140 gida 18, ka samu 7.8.

Lafiyayyen mutum da ya kwana awa takwas bai ci komai ba, sugansa na ƙasa da 100 a mudun mg/dL, wanda da shi za mu ci gaba da lissafi a shafin nan. Daga 100 zuwa 125 ana bakin ƙofa. Idan ya kai 126 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, a gwajin asibiti, ciwon ya tabbata. Kai kana da takardu biyu masu 140, don haka ka tattara su ka kai wa likita a cikin makon nan, kada ka tsaya jiran sai ka fara rama ko yawan fitsari. Idan aka fara magani, abin da ake nema ga yawancin mutane shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan an kai lomar farko.

Ka duba fuskar na'urarka ka san mudun da take aiki da shi, domin ruɗanin nan yana kai mutane asibiti. Mutum ya saba da ganin 140, sai ya ari na'urar maƙwabci ta nuna 15.0, ya firgita ya ce suga ya faɗi, ya ɗaga kwalbar lemo ya shanye. Alhali 15.0 ɗin nan 270 ne. In ka ga lamba mai ɗigo a tsakiya, mmol/L ce.

Tambaya: Na auna yatsa ɗaya na ga 152, na sake a wani yatsan ko minti biyu ba a yi ba na ga 171. Wata rana kuma 260, alhali ruwa kaɗai na sha. Ko na'urar jabu ce? (Wata malamar makaranta, Zariya)

Amsa: Malama, tsakanin 152 da 171 na'urarki ba ta yi laifi ba. Ƙa'idar duniya ta yarda wa waɗannan na'urori su kauce da kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa idan suga ya kai 100. Wato in ainihin abin da ke jininki 160 ne, za ta iya nuna komai daga 136 zuwa 184 kuma a ce ta yi aikinta. Ba don a yi ta soka yatsu ana gwada ta da kanta aka ƙera ta ba.

260 ɗin ne abin bincike, kuma wanda muka fi zargi shi ne yatsan. Wadda ta yanka wa yara mangwaro, ko ta ɓare dabino, ko ta dama kunu, sukarin da ya maƙale a fatarta zai bi ɗigon jinin ya shiga tsinken gwaji. Haka man bilicin mai sinadarin hydroquinone: an tabbatar yana sa wasu na'urori nuna lamba sama da gaskiya. Saboda haka ki wanke hannu da sabulu, ki tsane shi sarai, domin ragowar ruwa na tsinka jinin lambar ta sauka. In da sifirit kika goge, ki bari ya bushe tukuna. Ki soka gefen kan yatsa, tsakiyar ta fi zafi kuma da ita kike riƙe alli. Lokacin hunturu jini kan yi nawa. Ki murza tafukanki su yi ɗumi, ki saki hannun ƙasa na ɗan lokaci, ki shafo yatsan a hankali daga tushe. Matsa shi da ƙarfi kamar ana tatsar nono yana gauraya jinin da ruwan tsoka. Idan kina inda babu ruwa, ki share ɗigon farko da auduga ki yi aiki da na biyu.

Sai tsinkayen. Zafi da laima ke kashe su, kuma ba sa nuna alamar sun mutu. Murfin kwalbarsu na ɗauke da abin da ke tsotse danshi, shi ya sa ake zaro ɗaya a rufe nan take. Kada a bar su a mota, ko kan taga, ko a kicin, ko a banɗaki; yawancinsu ba a so su wuce zafin digiri 30, kuma kin san abin da watan Afrilu ke yi. Tsinkayen da mai kemis ya ƙirgo guda biyar ya ƙulle miki a leda, kuɗinki kawai kika zubar. Ki duba ranar ƙarewar aiki, ki rubuta ranar da kika buɗe kwalbar a jikinta, domin wasu kamfanoni watanni uku ko shida suke bayarwa bayan buɗewa. Kowace na'ura da nata tsinken: na Accu-Chek ba ya aiki a On Call Plus. Tsofaffin samfura kuma suna da lambar da dole ta dace da ta jikin kwalba.

In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tafi da na'urar ranar da za a ɗebi jininki a asibiti da safe kafin karyawa, ki auna cikin minti biyar da ɗiban, ki kwatanta. Ki kuma san cewa ƙarancin jini mai yawa kan sa lambar na'ura ta hau.

Mun san tsinke ya yi tsada. Wanda ke kan ƙwayoyi kuma sugansa ya zauna ba sai ya auna sau huɗu a rana ba. Abin da ba shi da amfani shi ne a ƙarar da kwalba guda a awon asuba kaɗai. Ki riƙa juya lokacin: Litinin da asuba, Laraba bayan abincin rana, Juma'a kafin barci. Ki ware littafi irin na 'yan makaranta: rana, lokaci, lamba, abin da aka ci. Da shi likita zai san wane magani zai ƙara, kuma na wane lokaci.

Tambaya: Mahaifiyarmu ta haura saba'in, tana shan Daonil da metformin. Sau biyu ke nan da hantsi gumi ya karyo mata, jikinta na rawa, tana maganganun da ba su da kai. 'Yan uwa sun ce iska ce a yi ruƙiyya. Ni ina zargin maganin. (Wani magidanci, Gusau)

Amsa: Malam, zarginka na kan hanya, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace gaggawa a shafin yau. Abin da ka siffanta faɗuwar suga ne har sai awo ya nuna akasin haka. Addu'a ba ta hana awo: a soki yatsanta a lokacin da abin ke faruwa. Ƙasa da 70 faɗuwa ce, ƙasa da 54 kuwa ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta. In babu na'ura kusa, a ɗauka faɗuwar ce a ba ta sukari. Kuskuren ba da sukari sau ɗaya ƙarami ne in aka gwada da kuskuren hanawa.

Muddin tana iya haɗiya, a ba ta giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: ƙwayar sukari uku zuwa huɗu, ko babban cokali ɗaya na garin sukari a rabin kofin ruwa, ko cokali ɗaya na zuma, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo, banda irin wanda aka rubuta ba shi da sukari. A jira minti 15 a sake awo. In bai kai 70 ba a maimaita. Da ta dawo hayyacinta a ba ta abinci mai riƙe ciki, tuwo ko burodi ko shinkafa da wake. Madara, cakulan da gyaɗa ba na wannan lokacin ba ne, maiƙonsu na jinkirta shigar sukarin. Idan ta suma ko tana fizge-fizge, kada wanda ya ɗura mata komai a baki, zai iya wucewa huhu. A kwantar da ita a gefe guda a nufi asibiti mafi kusa, a faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa mai suga ce kuma ga maganin da take sha.

Daonil, wanda ainihin sunansa glibenclamide, yana tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma yana daɗewa a jiki, musamman ga tsoho da wanda ƙodarsa ta yi rauni. Shi ya sa in an ba ta sukari ta farfaɗo, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba: sugan na iya sake faɗuwa cikin dare ko washegari. A ci gaba da awo kowane awa biyu zuwa uku, a kai ta ga likita a ranar kafin ta sha ƙwaya ta gaba. Ku roƙi a duba ƙodarta. Likitoci da yawa ba sa son wannan ƙwaya ga mai shekarun Hajiya, akwai waɗanda suka fi ta sauƙi. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga.

Ku kuma bincika abin da ya faru a safiyoyin nan biyu. Galibi za a tarar ta sha ƙwaya da asuba, karin kumallo bai sauka ba sai ƙarfe goma sha ɗaya. Zazzaɓi mai hana cin abinci ma na jawo haka, kuma kwinin da ake ba mai maleriya shi kansa yana saukar da suga.

Tambaya: An sa wa ɗana mai shekara goma sha huɗu insulin. Garinmu sai a yi mako ba wuta. Yaya zan ajiye ta? (Wata uwa, daga wajen Haɗeja)

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da ɓangaren ƙanƙara. Insulin da ta daskare ta lalace ko da ta narke, don haka kada ki jingina ta da ƙanƙara a cikin kula. Wadda aka fara amfani da ita kuwa tana yin kimanin mako huɗu ba firji, in an kare ta daga rana da zafi mai tsanani. A 2021 Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da irin zafin sansanin Dagahaley a Kenya, inda yake hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar insulin ta riƙe ƙarfinta tsawon mako huɗun.

Dabarar tana jiharku. Tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da ganye ita ce dai: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a baki, a inuwa inda iska ke ratsawa. A zuba wa yashin ruwa safe da yamma. Ki sa kwalbar a ƙaramin mazubi mai murfi don kada ruwa ya taɓa bakinta ko ya goge rubutunta. Tukunyar ta fi aiki da rani da hunturu. Da damina iska na da laima, sanyin kan ragu. Ki riƙa sayen kwalba ɗaya-ɗaya, ki rubuta ranar buɗewa.

Insulin mai kama da ruwa in ta yi gizo, a jefar. Mai kama da madara, irin su Mixtard, ana mirgina ta tsakanin tafuka kamar sau goma har ta haɗe, ba a girgiza ta. In ta yi gudaji ko ta manne a jikin kwalba, ta gama aiki.

Abin da ba ki tambaya ba amma ya fi zafin gari haɗari shi ne sirinji. Akwai na U-100, akwai na U-40, lambar na nuna ƙarfin insulin ɗin da aka yi sirinjin dominta, kuma duka ana samunsu a kasuwa. In kwalba ta ce U-100 aka ja ta da sirinjin U-40 zuwa layin 10, abin da ya shiga jikin yaro 25 ne. Ki haɗa rubutun kwalba da na sirinji duk lokacin da kika saya. A riƙa sauya wurin allura, ciki da cinya, ana barin faɗin yatsa tsakanin ta yau da ta jiya, domin wurin da aka dame shi yakan yi tauri ya daina shan maganin daidai. Ranar da yake zazzaɓi ba ya cin abinci, ba a dakatar da insulin gaba ɗaya. A ƙara yawan awo a kira likita. Suga sama da 250 tare da amai, ciwon ciki ko numfashi mai zurfi da sauri, ko na'ura ta rubuta HI, wato suga ya wuce abin da take iya aunawa, asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba.

Tambaya: Na daina tuwon masara na koma na alkama da acca, na maye sukari da zuma, wani lokacin ma ba na cin abincin dare. Amma da asuba sai in ga 170. Ina sugan yake fitowa? (Wani tela, Kano)

Amsa: Daga hantarka. Hanta rumbu ce, tana tara sukari da rana ta riƙa sakinsa da dare, kuma gab da asuba jiki na fitar da sinadaran da ke ƙara buɗe rumbun don shirin tashi. Mai lafiya insulin ɗinsa ke tare abin, mai ciwon suga tasa ba ta isa. Kwana da yunwa ba ya rufe wannan ƙofa, in kana kan irin su Daonil ma sai dai ya jefa ka faɗuwar dare. Ka sa agogo ƙarfe uku na dare har sau biyu ko uku ka auna. In lambar na ƙasa sosai, maganin yamma ya yi yawa. In tana daidai sannan ta hau da asuba, ko tun dare tana sama, gyaran na likita ne, kuma lambobin nan zai nema.

Batun alkama kuwa, Malam, an gudu ba a tsira ba. Alkama, acca, gero, dawa, masara da shinkafa duk sitaci ne, duk sukari suke komawa. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai bambancin malmala ɗaya da malmala uku ba. Garin da aka niƙa lukui ya fi saurin shiga jini, abin sha kamar koko, kunu da fura ya fi tuwo sauri. Zuma kusan kashi 80 cikin ɗarinta sukari ne. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya shi ma cike yake da shi.

Ka raba farantinka: rabi ganye, zogale, rama, kabeji, alayyahu, miyar kuɓewa ko kuka mai yawa, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko nama, ragowar tuwo kamar dunƙulen hannunka. Sannan ka bar na'ura ta yi alƙalanci: auna kafin ci, auna bayan awa biyu. Yau da tuwon alkama, jibi da na dawa daidai girmansa. Gani ya kori ji. Kai da ke wuni a kan keke, tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan da ke biyo baya, ka gwada wannan ma da awo. Ka kuma faɗa wa likita duk abin da kake sha, har da jiƙo da sassaƙe. Ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone da ake sha don ciwon gaɓoɓi ko neman ƙiba suna tayar da suga ƙwarai.

Tambaya: Ina kan ƙwayoyi, ina son yin azumin Ramadan. An ce soka yatsa na karya azumi. (Wata Hajiya, Kumasi)

Amsa: Hajiya, jagorar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da likitoci da malaman Musulunci ta bayyana cewa awon yatsa ba ya karya azumi. Ki auna da hantsi, da azahar, da la'asar, da gab da shan ruwa, da awa biyu bayansa, da duk sa'ar da kika ji ba daidai ba. Bayan la'asar ne faɗuwa ta fi yawa. Ki karya nan take in kin ga ƙasa da 70, ko sama da 300, ko kika ji jiri, ruɗewa da rawar jiki, ko da saura minti goma a kira salla.

Ki ga likita tun a Rajab, mako shida zuwa takwas kafin watan azumi ya kama. Metformin galibi ana barin adadinsa a raba tsakanin buɗe-baki da sahur. Masu kayar da suga da insulin mai gauraye akan mayar da babban kaso zuwa buɗe-baki a rage na sahur, amma nawa za a rage, wannan na wanda ya san littafin awonki ne. Ki jinkirta sahur, ki sa wake ko ƙwai a ciki. Da shan ruwa, dabino ɗaya zuwa uku da ruwa sun isa buɗewa. Kunu mai sukari, soyayyar doya, zoɓo da lemo a zama ɗaya su ke kai mutum 300 kafin tarawihi.

Akwai waɗanda ake ba shawarar su bari: mai juna biyu, mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, wanda suga ya sumar da shi ko aka kwantar da shi saboda hawansa cikin watanni uku da suka wuce, da mai insulin da sugansa bai zauna ba. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame. Batun ramuwa ko ciyarwa sai ki tambayi malaminku.

Tambaya: Ina da sikila da suga. Na'ura na nuna sama da 200 kullum, amma gwajin HbA1c ya ce 6. Wa zan yarda da shi? (Wani ɗalibi, Sakkwato)

Amsa: Na'urar, ɗan uwa. HbA1c yana auna sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini a tsawon rayuwarsu, wadda ga yawancin mutane kwana 120 ce, shi ya sa yake ba da hoton watanni biyu zuwa uku, kuma ake son ya zauna ƙasa da 7. Ƙwayoyin mai sikila suna mutuwa da wuri, ba sa daɗewar da za su tara sukarin, sai sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Ƙarin jini na kwanan nan ma haka yake yi. Ka tuna wa likitan suga cewa kai SS ne, ka kai masa littafin awonka na mako biyu mai lambobin asuba da na bayan abinci, ka tambaya ko ɗakin gwajinsu na yin fructosamine, wanda ke duba mako biyu zuwa uku kuma bai dogara da jajayen ƙwayoyi ba. Suga mai yawa na jawo yawan fitsari, bushewar jiki kuwa na tayar da ciwon sikila, saboda haka ka yawaita shan ruwa kafin ranar ganin likitan.